Inna, Mun Ɗaure Kifi a Samaru

Samaru, Zariya.

Zuwa ga mahaifiyata, wadda ta riga mu gidan gaskiya.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki a durƙushe, gaisuwar ladabi da biyayya kamar yadda kika koya mini, tare da fatan kina cikin rahamar Ubangiji da ni'imarsa. In kin tambayi lafiyarmu, duk muna nan ƙalau, ni da Baba da ƙannena, sai dai rashinki.

Dalilin wannan takarda shi ne, malamarmu ta ce kowace ɗaliba ta rubuta wasiƙa a cikin hutu zuwa ga wanda take so, in mun koma a karanta wa 'yan aji. Na san waɗansu za su rubuta wa yayyensu da ke Kaduna ko Ikko. Ni kuwa na duba, ban ga wanda ya kamata ya ji labarin da nake ɗauke da shi ba sai ke. Za a karanta a gaban mutane, kin kuwa san ni da kunya, amma wannan karon zan daure.

Inna, Baba ya zama mai kiwon kifi.

Kin bar shi yana malamin gona, yana zaga ƙauyuka a kan kekensa, yana koya wa manoma shuka auduga a layi da huɗar shanu da zuba taki. Bana da rani aka kira shi kwas a nan Samaru, tare da waɗansu malaman gona daga larduna dabam-dabam, har da na Sakkwato da na Adamawa. Aka haɗa su da 'yan kwaleji, samarin nan masu shirin karatun jami'a. Abin da za a koya musu shi ne kiwon kifi a tafkin da mutum ya haƙa da hannunsa, su kuma su je su koya wa manoma. Mai koyarwar wani dogon Bature ne, kowa Baturen kifi yake ce masa.

Na san da kina nan da dariya za ki fara. Ke 'yar Yawuri, wadda ta tashi tana ganin kifi yana tsalle a cikin jirgi, a ce miki wai Bazazzagi zai yi kiwonsa kamar awaki. Ina tuna yadda kike juya busasshen kifin kasuwa a hannu, ki ƙwanƙwasa shi a gefen tire, ki ce mutanen Zazzau itace suke sa wa a miya suna kiransa kifi.

An ba kowane malami ɗaki a Samaru har a gama kwas. Ƙannena suna Dogarawa wajen Gwaggo, ni kuwa in an yi hutu nakan zo in riƙa dafa wa Baba abinci. Shi ya sa na ga yawancin abin da zan faɗa miki da idona.

Da na zo hutun bazara na tarar sun gama haƙa. Baba ya kai ni bakin tafkin yana nuna mini kamar wanda ya gina sabon soro. Ya ce ba kowace ƙasa ke riƙe ruwa ba: sai ka dunƙula mai laima a hannu, ka jefa sama ka cafe, in ba ta wargaje ba to ta yi. Ya nuna mini gaɓar da suka daɓe kamar daɓen ɗaki, da yadda ƙasan tafkin ya ɗan gangara gefe guda, da bututun da za a buɗe ranar da ake son ruwa ya fita. 'Ya'yan kifin kuwa daga wajen Jos aka kawo su a lori, cikin durom-durom. Karfasa ce, kowace ba ta kai ɗan yatsana ba.

Da farko, in ji Baba, ba a jituwa tsakanin malamai da 'yan kwaleji. Samarin suna ce wa malamai tsofaffi, malamai suna ce musu 'yan littafi. Amma da aka shiga taɓo har gwiwa, aka riƙa miƙa wa juna kwandon ƙasa, ba a ƙara gane wanda ya iya Turanci da wanda bai iya ba. Akwai wani a cikinsu, Bulus, mutumin Kagoro, mai yawan barkwanci. Shi yakan ce wa Baba, "Malam Tanimu, ka huta mana, kada a ce mun kashe tsoho a rami." Baba ya ce, "Ɗaga kwandonka, yaro, tun kana rarrafe nake riƙe da galma."

Baturen kifi ya gaya musu tun ranar farko cewa kwas ba ya ƙarewa a Samaru. Dole kowane malami ya sami ƙauyen da zai yarda ya haƙa nasa tafkin, in ba haka ba wasan taɓo kawai aka yi. Baba bai yi wani dogon tunani ba, ya zaɓi ƙauyen nan na bayan Shika, inda Sarkin Noma amininsa yake. Kin san shi, tsohon nan mai faffaɗar malafa da yake aiko mana da rake da kaka. Suna da wata fadama da ruwa ke kwanciya, ba a noma komai a wurin. Sarkin Noma ya ce zai zo da dattawansa su gani tukuna.

A nan ne Baba ya yi kuskure, kuma kuskure ne irin na malamin gona.

Kin san shekara da shekaru wa'azinsa ɗaya ne ga manoma: taki, taki, taki. To ashe tafkin kifi ma ana zuba masa taki. Kashin shanu ake watsawa a ruwan, bayan 'yan kwanaki sai ya zama kore, waɗansu ƙananan halittu da ido ba ya gani su tsiro a ciki, su ne abincin kifin. Baba da ya ji haka sai murna ta kama shi. A ganinsa babu abin da zai faranta ran manomi kamar ya ga takin da ya sani yana aiki har a cikin ruwa. Saboda haka da gangan ya zaɓi ranar zuba taki ya gayyato baƙinsa.

Ina wurin, Inna, ina tsaye daga nesa a gindin wata ɗorawa da tulun ruwan sha. Dattawa suka iso cikin fararen riguna. Ga amalanken shanu ya zo daga Shika shaƙe da ɗanyen kashi. 'Yan kwaleji suka tuɓe riguna, suka shiga ɗiba da kwanduna suna watsawa, Bulus yana ba da waƙa suna amsawa. Kifaye suka taso sama suna wasa a inda abin ke faɗawa. Baba yana ta bayani, fuskarsa cike da fara'a, bai lura da yadda dattawa suka ja da baya ba.

Sarkin Noma ya daɗe yana kallo. Can ya ce, "Malam, wannan ne za mu ci?" Baba ya ce ai ba kashin suke ci ba, abin da ke tsirowa ne. Tsohon ya ce, "To, ni dai na ga sun buɗe baki." Suka yi sallama suka tafi, ko ruwan da na kawo ba su sha ba.

Daga nan Baba ya yi duk abin da ya sani. Ya roƙi Baturen kifi ya ara masa madubin nan mai ƙara girman abu, ya ɗaure a bayan keke ya kai ƙauyen, ya ɗiga ruwan tafki a ƙarƙashinsa. Da suka leƙa suka ga abubuwa suna yawo, sai ƙyamar ta ƙaru. Wani ya ce ashe har da tsutsa.

Baba ya je wajen limaminsu. Liman ya ce kashin dabbar da ake cin namanta ba najasa ba ne, kifin halal ne, ba shakka. Sarkin Noma ya ce shi bai yi musu da malamai ba, amma ba duk halal ne rai ke so ba.

Baba ya ce masa, "Dawar da kake ci, ba da takin nan ta girma ba?" Ya ce, "Malam, dawa a tsaye take, kanta na sama. Ban taɓa ganin ta tana iyo a ciki ba."

Na koma makaranta da nauyin zuciya. Da na dawo hutun ƙarshen damina na tarar kifin ya girma, amma Baba ya rame.

Ranar da na je Sabon Gari sayen kayan miya na biya wajen Iya Beji, ƙawarki mai kifi. Tana nan a rumfarta ta da, ta ƙara ƙiba, kuma har yanzu ba ta ganina ba ta yi ƙwalla ba. Ta ja ni gefe ta ce, "'Yata, me babanki yake yi a Samaru haka? Duk kasuwa ana cewa kifin kashi, kifin kashi. Jiya wata ta ɗaga nawa tana shinshinawa, wai ko na Samaru ne. Na ce mata ke, kifina daga kogin Kwara yake zuwa, hancinki ne ya lalace." Na yi ƙoƙarin yi mata bayanin ƙananan halittun nan kamar yadda muka karanta a aji. Ta ce, "Bar Turanci, 'yata. Mutum da cikinsa yake cin abinci, ba da littafi ba."

Abin da ya fi ci wa Baba rai ba sunan da aka sa wa kifin ba ne. Da, in ya kaɗa ƙararrawar kekensa a bakin ƙauyen nan, kafin ya jingine shi an shimfiɗa tabarma. Yanzu sai a aiko a ce masu gida sun tafi gona. Ko maganar feshin auduga, wadda ba ruwanta da kifi, sun daina saurara. Wani ya faɗa a bayan idonsa cewa mutumin da zai ciyar da kai wannan, me kuma ba zai kawo maka ba. Mutuncin da ya tara tun ina goye yana zubewa a kan idonsa.

Saura kaɗan a kwashe kifin a rufe kwas. An shirya za a dafa a ci tare da baƙi, kowane malami da mutanen da ya gayyato. Sarkin Noma ya aiko cewa zai zo saboda tsohuwar amana, amma bai ce zai ci ba. Kowa ya san ma'anar haka. In bai kai hannu baki ba, babu mutum ɗaya daga ƙauyen da zai kai, babu tafki, kuma Baba ba shi da sauran fuskar da zai koma musu da ita.

Inna, yanzu zan faɗa miki inda kika shigo.

Wata rana da hantsi ina wanke-wanke a bayan ɗaki, sai ga agwagin maƙwabta sun zo suna cusa baki a kwata. Ina kallonsu sai na gan ki. Na gan ki a tsakar gidanmu na Dogarawa kina bin wata agwagwa da zane ɗaure a ƙirji, kin kama ta, kin kifa mata babban kwando, kin ɗora dutse a kai. Na tuna ba ki taɓa yarda a yanka agwagwa ko kazar da ke kiwo a juji ranar da aka kama ta ba. Sai ta yi kwanaki a ɗaure, ba ta cin komai sai dusa da tsaki da ruwa mai kyau da kike canzawa da kanki. Mu yara muna ƙorafi muna son nama, ki ce, "Ku bari ta manta da inda ta yi yawo."

Kuma ba ke kaɗai ba. Gwaggo haka take yi, matan unguwa haka suke yi, na kuma tabbata matan Sarkin Noma haka suke yi. Babu wanda ya taɓa ƙin naman agwagwa don ta sha kwata, muddin an ɗaure ta.

Na kwana biyu da maganar a bakina na kasa faɗa. Yaya 'ya za ta ba ubanta shawara a kan aikin da Bature ya koya masa? Ran nan bayan la'asar na kai masa fura, na durƙusa na ajiye, na ƙi tashi. Ya dube ni ya ce, "Ramatu, akwai magana ne?" Na sunkuyar da kai, tabarma na gaya wa, ba shi ba. Na ce, "Baba, da an ɗaure su, kamar yadda Inna take ɗaure agwagi."

Na yi zaton na yi laifi. Sai na ji ya yi wata 'yar dariya, irin wadda ban ji ba tun kafin damina. Sa'an nan dariyar ta tsaya. Ya ɗauki ludayi yana juya furar ba ya sha, ya ce, "Uwarku ke nan." Kin san Baba ba ya ambatonki a gabanmu. Wannan ne karo na farko tun da kika tafi.

Washegari ya kai maganar gaban Baturen kifi. Ashe shi ma ya san abin. Ya ce a ƙasashe da yawa akan ajiye kifin tafki a ruwa mai gudu kafin a ci, don warin taɓo ya fita, sai dai bai taɓa zaton wannan ne zai warware matsalar ba, tun da bai san ana ɗaure agwagi a gidajenmu ba. Ya sa Baba ya maimaita bayanin a gaban dukan aji. Malaman Sakkwato da na Adamawa suka ce su ma haka ake yi a garuruwansu, kuma su ma abin da suke tsoro ke nan in sun koma gida, sun dai yi shiru ne.

Akwai wani ƙaramin tafki a gefe, inda aka fara ajiye 'ya'yan kifin, ruwan rafi yana shiga ta sama yana fita ta ƙasa. Aka kwashe shi, aka share, aka zuba yashi a ƙasa har kana ganin ƙwayar tsakuwa. Bulus ya sa masa suna gidan yari, yana cewa Malam Tanimu ya zama alƙali, ya yanke wa karfasa hukunci.

Amma dabarar da ta fi duka ta Baba ce, ba tawa ba. Ya hau keke ya tafi ƙauyen, bai kaɗa ƙararrawa ba, ya zauna a ƙofar gidan Sarkin Noma har ya fito. Bai yi masa wa'azi ba. Ya tambaye shi yadda ake yi da agwagwa a gidansa kafin a yanka. Da ya faɗa, Baba ya ce, "To, ni ma zan ɗaure nawa. Amma ba na so ka ce na yi maka rufa-rufa. Ka zo a kama a gabanka, kuma dusar da za su ci daga gidanka nake so ta fito."

Sarkin Noma ya zo, Inna. Aka ja taru a gabansa, malamai a gefe ɗaya, 'yan kwaleji a ɗaya gefen, aka riƙa ɗibar kifi a bokiti ana juyewa a ƙaramin tafkin. Ya tsuguna ya sa hannu a ruwan, ya ɗebo ya shinshina. Sa'an nan ya kwance bakin buhun da ya zo da shi ya watsa dusa da hannunsa.

Daga ranar kullum da safe sai ga shi a kan jakinsa, da ɗan buhunsa. Ba ya yarda kowa ya ba su abinci sai shi. Ran nan wani ɗan kwaleji ya zo zai jefa musu tunkuza, tsohon ya daka masa tsawa, wai kada ya ɓata masa ɗauri. Ina ji da kunnena yana ce wa Baba, "Malam, wancan mai jan wutsiyan ya fi su haɗama, ya san ni yanzu."

Ranar rufe kwas aka ba ni girki. Ban nema ba, Baba ne ya ce wa Baturen kifi 'yarsa jikar masunta ce. Na aika wa Iya Beji, ta rufe rumfarta ta zo da babbar tukunyarta da wuƙaƙenta. Ta ɗaga kifi ɗaya ta buɗe kunnensa ta duba, ta shinshina, ta ce, "Wannan ai ya fi ni wanka."

Na yi shi yadda kike yi. Na kankare, na wanke da lemun tsami, na daka citta da masoro da kimba da barkono, na sa daddawa da albasa da ɗan ganyen yakuwa. Ban juya da ludayi ba, tukunyar na riƙa girgizawa, don kin ce mai juya romon kifi fate take so. Da ƙamshin ya tashi sai na rasa inda nake. Na ɗauka in na waiwaya zan gan ki a kan kujerarki kina fifita wuta. Iya Beji ta ga idona, ta ce hayaƙi ne, ta matsar da ni gefe, ita ma tana share nata.

Aka shimfiɗa tabarmi a inuwa. Baƙi suka zauna, malamai da 'yan kwaleji suka tsaya a baya, Baturen kifi ya naɗe dogayen ƙafafunsa da ƙyar. Ni na kai akushin gaban Sarkin Noma, tuwon dawa da romo, na koma bayan bishiya ina leƙe. Babu wanda ya taɓa nasa. Dattawan ƙauyen duk shi suke kallo. Baba yana zaune a gefensa, ya ƙura wa ƙasa ido, na ga yatsunsa suna murza bakin riga.

Tsohon ya wanke hannu a hankali. Ya buɗe akushi, ya daɗe yana duban abin da ke ciki. Sa'an nan ya ce, "Dusan gidana ne a cikin nan." Ya yi bisimilla, ya gutsuri tuwo, ya haɗa da tsoka, ya kai baki.

Ya tauna, ya cire wata ƙaya ya ajiye a gefen tabarma, ya sake kai hannu. Sai a loma ta uku ya ɗaga kai ya dubi mutanensa ya ce, "Ku kuma me kuke jira? In kun ƙoshi ku miƙo nan."

Inna, ban san yadda zan kwatanta miki abin da ya biyo baya ba. 'Yan kwaleji suka ɓarke da tafi, Bulus ya jefa hularsa sama ta faɗa tafki. Dattawan da suka ƙi shan ruwana da bazara suka riƙa miƙo akushi a ƙara. Wani ya shanye romo ya lashe yatsu ya ce shi fa tun farko bai ga aibin abin ba, sauran suka yi masa ca. Baba bai ci ba. Yana zaune yana ta murmushi, yana cewa kowa, "A ƙara muku? A ƙara muku?"

Da aka gama, Sarkin Noma ya ce a kira wadda ta yi miya. Na fito kamar ƙasa ta tsage in shige, na durƙusa daga nesa. Ya ce wa Baba, "Yarinyan nan, a ina ta koyi wannan? Ba hannun Zazzau ba ne." Baba ya ce wajen mahaifiyarta, Allah ya jiƙanta. Tsohon ya ɗaga hannu, duk wurin aka ɗaga, aka yi miki addu'a, malaman larduna da manoma da Iya Beji, har 'yan kwalejin da ba Musulmi ba suka sunkuyar da kai. Mutanen da ba su taɓa ganin ki ba, Inna, sun ce amin da ƙamshin miyarki a hannunsu.

Kina jin kunyata saboda ni ce ta fari, ba ki taɓa kiran sunana ba, sai dai "ke yarinya". Ni ma ban taɓa zama kusa da ke na yi hira kamar yadda ƙannena suke yi ba. Ina zaton ban samu komai daga gare ki ba sai kallo daga nesa. Ashe kallon nan duk karatu ne. Ban san na iya romonki ba sai da na tsaya a gaban tukunya.

Kafin su tafi Sarkin Noma ya kafa sharaɗinsa. Ya ce za su haƙa, amma tafki biyu, babba na kiwo da ƙarami na ɗauri, kuma ranar zuba taki kada a sake kiran kowa kallo. Baba ya ce ya ji, ya kuma ɗauki wannan darasi. Baturen kifi ya ce daga yau duk wanda ya zo kwas za a koya masa haka, malaman larduna kuwa kowa ya tafi gida da shirin tafki biyu.

Jiya Baba ya ɗauke ni a bayan keke muka je ƙauyen, don matan gidan Sarkin Noma sun ce sai na nuna musu yadda ake gyara ɗanyen kifi tun kafin nasu ya zo. Tun daga nesa muka hango mutane a fadama, an kafa turaku an ja igiya, ana ta sara. Bulus da abokansa biyu sun riga mu zuwa, ba wanda ya aike su. Ba mu kai ga sauka ba aka taso aka karɓi keken, wani ya ce, "Malam, ka makara, zo ka duba ƙasan nan ko za ta riƙe ruwa." Baba ya tattare rigarsa ya shiga ramin, ni kuma aka ja ni cikin gida. Na yi magana a gaban mata fiye da yadda na taɓa yi a rayuwata.

Wannan shi ne labarin, Inna. Baba ya koma cin abinci sosai, har ya fara yi mini faɗan gishiri.

Allah ya jiƙanki, ya gafarta miki, ya yalwata makwancinki ya sanyaya shi. Allah ya shayar da ke daga ƙoramun Aljanna, waɗanda suka fi kogin garinku. Ya ba Baba tsawon rai da lafiya, ya sa albarka a ruwan da mutanen nan za su tara, ya raya ƙannena a kan tarbiyyarki. Mu kuma in tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani, ya sada mu da ke. Amin.

Ki huta lafiya.

Ni ce 'yarki mai kewarki kullum,
Ramatu.